Ko ka san na'urar da ta gano hiliyam a rana kafin a same shi a ƙasa?

In gishiri ya zube a kan wutar risho mai gas, harshen wutar da ke shuɗi yakan koma ruwan ɗorawa nan take. Sodiyam ne da ke cikin gishirin yake yin wannan launi. Jan ƙarfe kuwa kore yake mayar da wuta. Tun da daɗewa masana suka lura da haka, amma ido ba abin dogaro ba ne, domin in sinadarai biyu suka haɗu a wuta ɗaya, launin mai ƙarfi sai ya danne ɗaya.

A 1859, a garin Haidelbag na Jamus, masanin sinadarai Robert Bunsen da abokinsa masanin kimiyyar lissafi da haske Gustav Kirchhoff suka haɗa wata na'ura da ta raba wannan gardama. Sunanta sifektiroskof. Ƙirarta ba ta da wani wuya: siririyar tsaga da haske zai ratsa, gilashi mai kusurwa uku a tsakiya, sai madubin hangen nesa da mutum zai sa ido. Gilashin yana warware haske zuwa launukan bakan gizo, daga ja zuwa shunayya. Da suka ƙona sinadarai ɗaya bayan ɗaya suka leƙa, sai suka ga 'yan layuka masu haske, kowane a tsaye a wurinsa, tsakaninsu duhu. Sodiyam na da layukansa, kalsiyam na da nasa, kuma babu biyu da suka zo ɗaya, kamar yadda zanen babban yatsan mutum ba ya haɗuwa da na wani.

Dalilin haka sai a ƙarni na 20 aka fahimce shi. A kowace ƙwayar zarra, ƙwayoyin lantarkin da ke kewaye da cibiya matakai gare su, ba sa zama a tsakanin mataki da mataki. Zafin wuta na tunkuɗa su sama, in sun faɗo su fitar da haske daidai da tazarar da suka faɗo. Tsarin matakan kowane sinadari daban ne, shi ya sa launukansa ma daban.

Amfanin bai jima ba ya bayyana. A 1860 Bunsen da Kirchhoff suka ga wasu layuka biyu shuɗɗa a ruwan wata maɓuɓɓuga ta garin Durkhaim, layukan da ba na kowane sanannen sinadari ba. Sisiyam ke nan. Don su samu abin da za su riƙe a hannu sai da aka ƙafar da kimanin tan 40 na ruwan. Shekara na zagayowa suka gano rubidiyam, wasu kuma daga baya suka gano taliyam da indiyam ta hanya ɗaya.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne hiliyam. Ranar 18 ga Agusta 1868 aka yi kusufin rana a Indiya, masu nazarin sararin sama, ciki har da Bafaranshe Jules Janssen, suka saita na'urorinsu ga gefen ranar suka ga layi mai haske ruwan ɗorawa. A watan Oktoba Norman Lockyer ya gan shi daga Ingila, ya auna wurin da ya tsaya, ya ga bai dace da na sodiyam ba. Sai ya ce wani sinadari ne da ba a sani ba. Da yawa ba su yarda ba, kuma suna da hujja, tunda ba wanda ya taɓa kama shi a kwalba. Sai 1895 William Ramsay ya fitar da wata iska daga dutsen da ke ɗauke da yuraniyam, ya duba haskenta, ga layin nan a wurinsa. Shekara 27 hiliyam ya yi ana sanin sa a nisan kilomita miliyan 150, alhali yana nan cikin duwatsun ƙasa. Wannan ya faru ne bayan masanin falsafa Auguste Comte ya rubuta a 1835 cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin abin da aka yi taurari da shi ba.

A tsakiyar wannan zamani ne, a 1869, Dmitri Mendeleev na Rasha ya jera sinadarai 63 da aka sani bisa nauyin ƙwayar zarrarsu, ya sa masu hali ɗaya a layi ɗaya. Jadawalin sinadarai da ke rataye a ɗakin gwaje-gwajen makarantun sakandare daga nan ya samo asali. Ƙarfin halinsa shi ne guraben da ya bari babu komai, ya ce akwai masu su, ba a dai gano su ba ne. Har ya faɗi siffar wanda zai zauna a ƙarƙashin alminiyam. A 1875 Bafaranshe Lecoq de Boisbaudran ya ga layuka biyu shunayya a wani dutsen zinki daga tsaunukan Firenis, ya gano galiyam. Ya auna ya ce ya ninka ruwa nauyi sau 4.7. Mendeleev, wanda bai taɓa ganin ƙarfen da idonsa ba, ya rubuto cewa a sake awo, ya kamata ya kai 5.9. Da aka ƙara tace shi aka sake aunawa, 5.9 ɗin aka samu. Galiyam ƙarfe ne da ke narkewa a zafin digiri 30 a ma'aunin Salsiyas, wato a tafin hannu ma yakan zama ruwa.

Duk da haka jerin nauyi na da tangarɗa, don akwai wuraren da sai an sa mai nauyi a gaban marar nauyi kafin halayensu su daidaita. Henry Moseley, matashi ɗan Ingila, ya warware wannan a 1913 da wata irin na'urar mai aiki da hasken eksire. Ya nuna cewa layukan kowane sinadari na matsawa taki ɗaya-ɗaya bisa yawan cajin da ke cibiyar zarra, kuma wannan adadi ne ainihin lambar kujerar sinadari a jadawali. Da haka ya nuna guraben da suka rage, irin su masu lamba 43 da 61 da 72 da 75. An harbe shi a fagen yaƙin Galifoli a 1915 yana da shekara 27, kuma ina ganin kimiyya ta yi babbar asara a ranar.

Yau jadawalin na da sinadarai 118, dabarar Moseley kuma ta ƙanƙance ta koma na'urar da ake riƙewa da hannu ɗaya. Ana ɗora bakinta a kan ƙasa ko ƙarfe, ta harba eksire, cikin ƙasa da minti ɗaya ko biyu ta nuna abin da ke ciki da yawansa.

Mutanen Zamfara sun ga aikinta a lokacin baƙin ciki. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, bayan farfaɗiya da amai, har sama da 400 suka rasu. Dutsen zinariyar da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma, ƙurarsa kuma ba ta da wari, ba ta da launin da zai bambanta ta da sauran ƙura. Masu aikin tsabtace ƙauyukan sun bi gida-gida da irin wannan na'ura suna auna tsakar gida da ɗakuna da wuraren wasan yara. Inda ta nuna dalma ta yi yawa, aka kankare saman ƙasar aka kwashe, aka zuba mai tsabta, aka sake aunawa, kafin yaran da likitocin Médecins Sans Frontières suka yi wa maganin fitar da dalma daga jini su koma gidajensu.