Kukan ƙafar gaba: mota na magana, wa ke saurare?

Daga Galmi zuwa Tunfafi, daga Dakwaro zuwa Tanut, mota mai buɗaɗɗen baya ita ce raƙumin wannan zamani. Ita ke ɗaukar albasa, wake, aya, tumaki da ƴan kasuwa. Ita ke kai mai naƙuda babban asibiti cikin dare. Don haka ranar da wata ƙara wadda ba a san asalinta ba ta taso daga ƙafarta ta gaba, ba aljihun mai mota kaɗai abin ya shafa ba, har da rayukan duk waɗanda ke zaune bisa kaya.

Kowane direba ya san wannan hali. Mota na tafiya lami lafiya, sai kunne ya tsinkayi wani gurnani, ko ƙwas-ƙwas, ko ƙugin ƙarfe daga ɓangaren gaba. A tsaya, a leƙa, ba a ga komi ba. A kai ta garaji, ta yi shiru kamar yaron da ya ga likita. A nan ne mutane ke rabuwa gida biyu: wasu su ƙara muryar rediyo su ce Allah ya kiyaye, wasu su shiga sayen kayan gyara ɗaya bayan ɗaya bisa tsammani, har kuɗi su ƙare ƙara tana nan. Alhali akwai hanya ta uku, wadda tsofaffin kanikawa ke bi, kuma ba ta bukatar wata na'ura mai tsada.

Tambaya kafin kwance noti

Gwanin bakanike ba ya fara taɓa ƙarfe sai ya yi wa direba tambayoyi. Yaushe ƙarar ke zuwa: da gudu ko a hankali? Bisa kwalta ko bisa hanyar ja? Lokacin kwana, lokacin taka birki, ko lokacin faɗawa rami? Da kaya ko wayam? An kwance ƙafar kwanan nan wurin mai faci? Kowace amsa tana fitar da wani abu daga zargi.

Bayan haka sai ya shiga motar da kansa. Idan ta ɗauki gudu, ya fitar da giya ya bar ta tana gangarawa. Ƙarar da ta bi muryar inji ta lafa, ta inji ce. Wadda ta ci gaba tana bin juyin ƙafa, a ƙafa take ko a abin da ke juyawa tare da ita.

Abu na farko da ake dubawa shi ne mafi araha kuma mafi haɗari: notocin ƙafa. Noti mai sako-sako yana bugu a hankali, yana kaɗa sitiyari, yana barin zanen tsatsa a gefensa, kuma yana cin ramin janti har ya yi tsawo kamar ƙwai. Shi ya sa duk ƙafar da aka kwance, ya kamata a sake ɗaure notocinta bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Kowace cuta da muryarta

Gurnani mai kama da na jirgin sama daga nesa, wanda ke ƙaruwa da gudu, yawanci na rulma ne, wato ƙwayoyin ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansu. Ana gwada shi bisa miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a, a karkata sitiyari kaɗan hagu, kaɗan dama. In an karkata hagu nauyin mota yana komawa dama; in gurnanin ya ƙaru a nan, galibi rulmar dama ce ta gaji. Sai dai taya ma tana irin wannan kukan, musamman wadda ta cinye tudu da kwari saboda mutuwar amortisar. Bambancinsu shi ne kukan taya yana sauya murya in an sauka daga kwalta zuwa ƙasa, kuma yana bin tayar in an mai da ta baya. Na rulma kuwa yana nan inda yake.

Ƙwas-ƙwas-ƙwas a lokacin matsattsiyar kwana, da ƙaramin gudu, yana nuna kan kardan. A nan sanin irin mota yana ceton kuɗi. Tsofaffin Peugeot 404 da 504, waɗanda ake kira bashe, da ƙafafun baya suke tura kansu, ba su da kardan a gaba ko kaɗan. Wanda ya ce ma mai bashe ya sayi kardan na gaba, to ya sa masa ido. Motoci masu jan ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser, su ke da shi. A waɗanda ake kulle cibiyar ƙafa da hannu, gwajin mai sauƙi ne: in an saki makullan an fitar da giyar ƙafa huɗu, kardan ba ya juyawa, ƙarar da ta ɓace a lokacin, tasa ce. Sau da yawa robar da ke lulluɓe shi ce ta yage, giris ya fita, rairayi ya shiga.

Ƙara mai tsini da ke zuwa da taka birki tana cewa plaket ya kusa ƙarewa; in ta koma gurzar ƙarfe da ƙarfe, ya riga ya ƙare yana cin faifan birki. Akwai kuma ƙarar da ta fi kowace tayar da hankali alhali ba ta cin ko dala: ƴar tsakuwa da ta maƙale tsakanin faifan birki da farantin da ke kare shi. Tana zuwa kwatsam bisa hanyar tsakuwa, tana ihu kamar mota za ta tarwatse, wani lokaci kuma komawa da baya kaɗan yana fitar da ita.

Bugu mai nauyi, gum-gum, a rami ko bisa hanyar da ta yi kunya-kunya, ba na abin da ke juyawa ba ne, na abin da ke riƙe ƙafa ne: rotil, robobin amortisar, robobin hannuwan ƙafa, ko kunnen lam a motocin da ke da lam a gaba.

Hannu ya tabbatar da abin da kunne ya ji

Kunne yana zargi, hannu ke yanke hukunci. Ana ɗaga motar a wuri mai tauri, a tokare ta da abin da ba ya zamewa, domin kirik shi kaɗai bisa rairayi ya sha danne mutane. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi wasa, a sa karen mota ya taka birki a sake girgizawa: wasan da ya ɓace na rulma ne, wanda ya saura na rotil ne ko na magamar da ƙafa ke juyawa kanta wajen kwana. A sake kamawa gefe da gefe: wasa a nan yana kai zargi ga sandunan sitiyari. Daga nan a juya ƙafar da hannu, a ɗora ɗayan hannun bisa ƙarfen da ke riƙe da ita. Rulmar da ta lalace tana aiko da gurza-gurza har cikin tafi.

Zafi ma shaida ne. Bayan doguwar tafiya, a kusantar da bayan hannu ga cibiyar ƙafa ta hagu da ta dama, ba tare da an dafa ba. Wadda ta fi ƴar'uwarta zafi nesa ba kusa ba, ko take warin ƙonannen giris, ko dai rulma ce ke ci, ko birki ne ya kama bai saki ba. Irin wannan motar ba ta ƙara ko zango ɗaya da mutane.

Abin da ƙasarmu ke yi wa ƙarfe

Ba banza ba ƙafar gaba ke saurin tsufa a nan. Ƙurar hunturu tana shiga duk inda roba ta tsage, ta gauraya da giris ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Da damina, ƙafar da ta yi zafi ta tsunduma cikin ƙorama tana huce wa nan take, ta zuƙo ruwa ta bakin robar da ke tsare giris. Ga lodin da ya ninka abin da masu ƙera motar suka ƙayyade. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: robar da ba ta kai kuɗin man tafiya guda ba, ita ke kashe rulma.

Ga kuma batun kayan gyara. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan asali suka yi wa masu mota da yawa nisa, kasuwar okaziyo da ta jabu ta buɗe. Araha kuwa ba ta ado. Ko da kaya mai kyau, aikin hannu na iya ɓata shi. A tsofaffin motoci rulmar gaba ana daidaita ta ne da noti: in an matse ta fiye da kima ta ƙone, in an sassauta ta yi wasa. Ana sauya ta tare da zobenta da robar girisinta, ba rabi sabo rabi tsoho ba. A sababbin samfura da yawa kuwa da matsi ake shigar da ita, kuma gudumar da ta daki ƙwayoyinta ta riga ta rubuta ranar mutuwarta.

Ƙarshen sakaci sananne ne a hanyoyinmu. Rulmar da ta ƙone tana iya kamewa ko ta cinye sandar da take kai, ƙafa ta fice ta wuce mota. Rotil ɗin da ya ɓalle yana durƙusar da ƙafa nan take, sitiyari ya zama banza a hannun direba. Ga motar da aka yi wa lodi har sama, mutane na zaune bisa buhuna, wannan kifewa ce.

Saboda haka nauyi yana wuyan kowa. Mai mota ya daina ɗaukar ƙorafin direba a matsayin dabarar cin kuɗi. Shugabannin tasha su hana motar da ke kuka lodi sai an ɗaga ta an girgiza, aikin da bai wuce minti 15 ba. Jami'an da ke tsare hanya su dubi ƙafa kamar yadda suke duban takardu. Fasinja kuma da ya ji gurnani a ƙarƙashinsa yana da ikon ya yi magana, domin kuɗin mota ya biya, ba ransa ya sayar ba.