Ciwon Baya a Fadamar Zauro: Me Tausa Ke Yi wa Ƙwaƙwalwa?

Shinkafar Kebbi a duƙe ake noma ta. A duƙe ake dashe, a duƙe ake cire ciyawa, a duƙe ake yanka da lauje, sannan a saɓa buhu a kafaɗa zuwa bakin hanya. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman rani ya bunƙasa a fadamar Gulbin Rima, daga Zauro har Argungu. Amfani ya ƙaru, amma hutun da baya ke samu tsakanin damina da rani ya ragu.

Da dare, maganin da ya fi kusa shi ne na gida. Dattijo ya kwanta rubda ciki a tabarma, ya ce wa jikansa, "Zo ka taka min bayan nan." Wani kuma uwargida ce za ta shafa masa man zafi ta daddanna. In ya miƙe ya ce ya ji sauƙi, gaskiya ya faɗa.

A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana dalili. Saƙon zafi yana bin siraran jijiyoyi zuwa laka kafin ya haura ƙwaƙwalwa, saƙon taɓawa da dannawa kuwa yana bin jijiyoyi masu kauri da sauri. A cikin laka akwai wata mahaɗa mai aiki kamar ƙofar ruwa ta magudanar ban ruwa: idan saƙon dannawa ya yawaita, sai ta rage zafin da ke wucewa sama. Shi ya sa yaron da ya yi tuntuɓe yake murza ƙafarsa ba tare da an koya masa ba.

Inda lamarin ya fi wuya shi ne ciwon da ya wuce wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a ɗora wa laifi. Manomi ya biya kuɗin hoto, a ce masa ba a ga komai ba, ya koma gida ana masa kallon mai raki. Wannan kallon zalunci ne. A 2004 Vania Apkarian na Jami'ar Northwestern da ke Amurka ya auna ƙwaƙwalen masu daɗaɗɗen ciwon baya da na'urar MRI, ya tarar ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya ragu da kashi 5 zuwa 11 cikin 100 in an kwatanta da na masu lafiya. A 2013 ɗakin bincikensa ya nuna sakamakon bin wasu majinyata na shekara guda: waɗanda ciwonsu ya ƙi tafiya, aikin ƙwaƙwalwarsu ya ƙaura daga sassan jin zafi zuwa sassan tsoro da damuwa. Wato mutumin da ke kwana da fargabar bashin taki da tunanin wa zai yi masa girbi, damuwar tana iya rura ciwon da yake ji a jiki. Abin daɗi, a 2011 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun ga ɓawon ƙwaƙwalwar ya sake kauri bayan magani ya ci.

Sai dai tausa tana da iyaka. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2015 kan gwaje-gwaje 25 ya nuna sauƙinta na ɗan lokaci ne. Shi ya sa ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2023 suka sanya ta tare da motsa jiki da wayar da kan majinyaci. Ƙa'idojin sun kuma hana dogaro da bel ɗin ɗaure ƙugu da ƙwayoyi dangin tiramol. Ribar tausa ita ce ta sassauta baya har mutum ya daina tsoron motsi, ya yi tafiya, ya miƙe jiki. Doguwar kwanciya ƙara sandarar da baya take yi.

Ƙwayoyin da ɗan ƙwadago ke haɗiya da asuba don ya jure yinin fadama kuwa, irin su dikulofenak, in an daɗe a kansu suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda.

Akwai bayan da bai kamata a taka ko a danna ba. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi, rama, gumin dare, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, ko ya biyo bayan faɗuwa daga babur, to, a manta da tausa da ƙahon wanzami. Tarin fuka na cin ƙashin baya, kuma jinkiri na iya kai mutum ga shanyewar ƙafafu. Irin wannan majinyaci a garzaya da shi Asibitin Sa Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi. Sauran kuwa, ya kamata gwamnatin jihar ta kai musu likitocin fisiyo asibitocin ƙananan hukumomi, kusa da gonakin da suke duƙe a ciki.