Yariman da Ya Bar wa Ƙasa Lu'ulu'un Ƙabilarsa

Ranar 30 ga Satumba 1966 Turawan Ingila suka miƙa mulkin Botswana ga 'yan ƙasa, kuma abin da suka bari bai taka kara ya karya ba. Ƙasar ta ɗan fi Faransa girma, amma kwaltar da ke cikinta kaf ba ta wuce kilomita 12 ba. Masu digiri 22 ne kacal. Ko hedikwatar mulki ma a Mafeking take, cikin Afirka ta Kudu, sai dab da samun 'yanci aka dawo da ita Gaborone. Dukiyar jama'a shanu ce, su ma fari ya yi musu mummunar ɓarna.

Shugaban farko shi ne Seretse Khama, magajin sarautar Bamangwato. Yana karatun lauya a Landan ya auri wata Baturiya, Ruth Williams, a 1948. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta tayar da jijiyar wuya, Ingila kuma ta biye mata, ta hana shi zama a ƙasarsa. Sai a 1956 ya dawo, bayan ya haƙura da gadon sarautar.

A 1967 masu bincike na kamfanin De Beers suka gano lu'ulu'u a Orapa. Orapa kuwa a yankin Bamangwato take, wato ƙasar kakannin Khama. Da ya so, da ya ce arzikin na ƙabilarsa ne, kuma da wuya a samu mai ja da shi. Sai ya tsaya kai da fata aka yi doka cewa duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakin Botswana ne baki ɗaya, ba na wata masarauta ba. A ganina nan ne ƙasar ta tsira. Tunda shugaba ya fara da sadaukar da rabon gidansu, sauran sarakuna ba su da bakin cewa a bar musu nasu.

Gwamnati ta yi ta ciniki da De Beers har ta kai ga mallakar rabin kamfanin haƙar, wanda yau ake kira Debswana. Kuɗin da suka shigo aka zuba su a makarantu, asibitoci, hanyoyi da rijiyoyin burtsatse, aka kuma riƙa ajiye rara saboda gobe. Cikin shekaru 30 da suka biyo baya, da ƙyar a samu ƙasar da tattalin arzikinta ya yi saurin bunƙasa kamar nata a duniya. Saliyo fa tun 1930 ta samu irin wannan dutse, amma da shi aka riƙa sayen bindigogi a yaƙin basasar 1991 zuwa 2002.

Botswana dai ba aljanna ba ce. Cutar ƙanjamau ta yi mata illa matuƙa, tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi tana da faɗi, ga lu'ulu'un da ake ƙerawa a masana'antu yana karya farashin nata. Amma tun daga 1966 soja bai taɓa ƙwace mulki a can ba. A zaɓen 2024 jam'iyyar da Khama ya kafa ta sha kaye bayan shekara 58 tana mulki, Shugaba Mokgweetsi Masisi kuma ya amince da sakamakon, ya miƙa wa Duma Boko ragama lami lafiya.