Ciwon Kafaɗa: Abin da Likitan Fisiyo Ya Koya Jiya Bai Isa Yau Ba

Matar da ke daka a Sifawa, da manomin rani a gefen madatsar ruwan Shagari, da mai jan guga a ƙauyukan Boɗinga, duk kafaɗa ce jarinsu. Kan ƙashin dantse yana zaune ne a wani gurbi marar zurfi, tsokoki huɗu da jijiyoyinsu ne suka kewaye shi suna riƙe da shi in an ɗaga hannu. Idan suka raunana ko suka yage, sai mutum ya kasa zura hannu a riga, mace ta kasa ɗaura kallabi, da dare kuma barci ya gagara a wannan gefen. Da yawa sukan fara da mai ɗori ko ƙahon wanzami, sai abin ya ci tura a nufi Sakkwato.

Wanda aka tarar a asibiti kuwa, da wane ilimi zai karɓe su? A 1972 wani likitan Amurka, Charles Neer, ya yi bayanin cewa ƙashin saman kafaɗa ne ke gugar jijiyar, aka kuwa shekara arba'in da ɗoriya ana tiyatar kankare ƙashin. A 2018 mujallar Lancet ta buga binciken da aka yi kan mutum 313 a Birtaniya: waɗanda aka kankare wa ƙashin ba su fi waɗanda aka leƙa gaɓarsu da na'ura kawai samun sauƙi ba. A 2021 wani binciken kan mutum 708 ya nuna cewa zama ɗaya da ƙwararren likitan fisiyo, inda za a koya wa majinyaci atisayen da zai riƙa yi a gida, ya yi daidai da zama har shida idan aka duba bayan shekara. Allurar rage kumburi kuma sauƙinta na 'yan makonni ne. Ma'aikacin da ya bar makaranta kafin wannan lokaci, bai kuma sake buɗe littafi ba, zai ci gaba da haska wa mutane fitilar gashi yana cewa su dawo mako mai zuwa. Ga ɗan Shagari, kowace dawowa kuɗin mota ce da yinin gona guda, shi ya sa yakan ɓace bayan zuwa na biyu.

Za a ce ma'aikatan ba su da yawa, ina suka ga lokacin bita? Gaskiya ne, yawancinsu suna manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amma ƙarancin nasu shi ne babbar hujja, domin wanda ganinsa sau ɗaya za a yi, dole wannan ganin ya biya buƙata. Hukumar MRTB mai ba likitocin fisiyo lasisi, wadda dokar 1988 ta kafa, tana neman shaidar ƙarin ilimi kafin sabunta lasisi. Abin gudu shi ne ya zama tara takardun halartar taro kawai.

Za a kuma ce Baturen da aka yi bincike a kansa ba ya daka ba ya huɗa. Wannan magana ce mai nauyi, kuma amsarta ita ce a juya bitar ta dace da mutanenmu. A koyi yadda za a ce wa uwar gida ta sassauta surfe na ɗan lokaci ba tare da ta jingine hannun gaba ɗaya ba, tunda zaman banza sandarar da kafaɗa yake yi. A koyi rarrabe ciwon da ya zo a hankali da na wanda ya faɗo daga babur ya kasa ɗaga hannu nan take, domin shi wannan likitan ƙashi yake buƙata da wuri. Kafaɗar da ta sandare kuma a gwada sukarin mai ita. Ya kamata wani ɓangare na wannan horo ya isa ga ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, da Hausa, tare da bidiyon atisayen da za a iya tura wa majinyaci ta waya.