Koya wa yara salla

Salla farilla ce sau 5 kowace rana: asuba raka'a 2, azahar 4, la'asar 4, magariba 3, lisha 4. Duka raka'a 17 ke nan.

Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya yi umurni a sa yaro salla in ya kai shekara 7, a matsa mashi in ya kai 10. Ba ta zama wajibi gare shi sai ya balaga. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A fara da alwala. A ba yaro buta, a gwada mashi wankin hannuwa, baki, hanci, fuska da damutsa, shafar kai da kunnuwa, sannan ƙafafu. Bayan haka a koya mashi Fatiha da gajerun surori.

Uba ya tafi da ɗansa masallaci. Uwa ta tsaida ɗiyarta kusa da ita bisa tabarma. In yaro ya yi kure, a gyara mashi da lallashi.

Kada iyaye su bar wa malamin allo aikin duka. Abin da yaro ya gani gida, shi yake yi.