Cire Sitiyarin Mota da Mayar da Shi

Sitiyari kalma ce da Hausa ta aro daga Ingilishi, ko da yake tsofaffin direbobi sukan ce kambu. Shi ne linzamin mota. Akan cire shi idan oda ta daina kuka, ko sigina ta lalace, ko kuwa shi kansa ya tsage. A ganin ido aikin ba shi da wuya, tun da noti ɗaya ne ke riƙe da shi a kan sandar da ta gangara zuwa ga tayoyin gaba. To amma yawancin manyan makanikan ƙasar Hausa a kan irin su Peugeot 504 suka koyi sana'a, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, alhali kuwa motocin da ke shiga garejinsu a yau suna ɗauke da abubuwa biyu da waccan ba ta da su, watau jakar iska da naɗaɗɗiyar waya.

Jakar iska tana naɗe a tsakiyar sitiyari, kuma wani sinadari ne ke hura ta cikin ƙiftawar ido idan wutar lantarki ta taɓa shi. Saboda haka, bayan an miƙar da tayoyi sun fuskanci gaba sosai, matakin farko shi ne cire kan batir mai alamar ragi. Sa'an nan a dakata, domin na'urar da ke sarrafa jakar tana ajiye ragowar wuta. Kamfanin Toyota ya ƙayyade aƙalla daƙiƙa 90, wasu kamfanonin kuma sun nemi fiye da haka. Idan an kwance jakar daga bayan sitiyari, an zare wayoyinta (galibi ruwan ɗorawa ne), sai a ajiye ta fuskarta na kallon sama. In aka kife ta, ta kuwa fashe, ƙarfen gindinta ne zai tashi sama.

Daga nan sai babban noti. Gogaggen bakanike ba ya cire shi gaba ɗaya. Yakan sassauta shi ya bar shi a bakin sanda, domin sitiyarin da ya shekara goma a manne yakan saki ne ba zato, kuma idan babu abin da ya tare shi, haƙoran mai ja ne za su tare shi. Kafin a ja, wajibi ne a yi layi da alli ko fenti daga kan sanda zuwa jikin sitiyari. Dalili kuwa, bakin sandar yana da ƙananan haƙora masu yawa, kuma kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya sa mota tana tafiya sak, sitiyari yana karkace. Ɗabi'ar nan ta buga sanda da guduma abin ƙi ce, don tun ƙarshen shekarun 1960 ake ƙera sandar yadda za ta lanƙwame cikin kanta idan an yi karo, duka kuwa yana iya raunana wannan haɗin. Akwai ƙarfen da aka yi musamman don zaro sitiyari da murɗi.

Inda ɓarna ta fi yawa shi ne naɗaɗɗiyar wayar. Siririya ce mai faɗi, a nannaɗe cikin wani faifan roba a bayan sitiyari, ita ce ke kai wuta ga oda da jakar iska yayin da ake murɗawa. Iyakar juyinta kamar sau biyar ne, biyu da rabi hagu, biyu da rabi dama. Idan yaron gareji ya juya faifan da wasa, aka mayar da sitiyari a haka, mota za ta fita lami lafiya, amma ran da direba ya murɗa kambu har ƙarshe a wata kwana, sai wayar ta tsinke. Oda ta mutu, jakar iska ta zama ado, mai mota kuwa ba lalle ne ya gane ba sai ranar da ya buƙace ta. Maganin abin shi ne a manne faifan da salatif da zarar an zare sitiyari. Idan ya riga ya motsa, a juya shi a hankali har ya tsaya, a komo da shi juyi biyu da rabi, har alamomin jikinsa su haɗu.

Wajen mayarwa, a daidaita layin allin nan, a ɗaure noti bisa ma'aunin kamfanin motar, a jona wayoyi, a zaunar da jaka, batir ne na ƙarshe. Yana da kyau mai kunna mota karon farko ya miƙa hannu daga gefe, kada ya zauna gaban sitiyari. Fitilar jakar iska za ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu. Idan ta ci gaba da ci, akwai wayar da ba ta zauna ba.

Wasu sukan cire sitiyari don kawai su gyara karkatarsa bayan mota ta faɗa rami. Wannan rufa-rufa ce, domin ciwon yana ƙasa, a ƙarafan da ke haɗa sanda da tayoyi, kuma mai yin alaimen ne ya kamata ya duba shi.