Sabon fentin mota: haƙuri kafin ƙyalli

A garajojin Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, ba a rasa ganin mai mota tsaye bisa kan mai fenti, yana matsa masa ya ba shi motarsa yau yau. Ya kashe jikkuna masu yawa, yana ɗokin jama'a su gani. Amma sau da yawa, kafin damina ta zagayo, fentin ya dushe, kuɗi sun tafi a banza.

Dalili shi ne, bushewar fenti iri 2 ce. Samansa yana bushewa cikin awoyi kaɗan, amma cikinsa yana ɗaukar makwanni kafin ruwan da aka dama shi da shi ya gama fita. A masana'anta ana gasa fenti cikin zafin da ya kai wajen digiri 140, shi ya sa sabuwar mota ke fitowa da fenti mai tauri. Garajin unguwa kuwa iska da rana yake dogara gare su. Saboda haka masu sana'ar ke cewa a jira kwana 30 zuwa 90 kafin a shafa wa mota kakin da ke kare fenti. In aka yi gaggawa, kakin ya toshe hanyar fitar ruwan, sai fentin ya yi hazo.

Gyaran fuskar fenti aikin gwani ne. Bayan feshi, akan ga ƙura ta manne, ko fentin ya yi gudaji kamar ɓawon lemu. Sai mai fenti ya ɗauko takardar gogewa mai laushi, lamba 1500, sannan 2000, yana jiƙa ta da ruwa, yana gogewa sannu sannu. Daga nan ya bi da man gogewa har ƙyalli ya fito. Dole hannunsa ya zama da sauƙi, domin berni, wato rufin nan mai haske da ke bisa launi, bai kai kaurin gashin kai ba. In ya huje, musamman a bakin ƙofa da kusurwoyi, babu magani sai sabon feshi.

Da mota ta bar garaji, sauran aiki na mai ita ne. Babbar abokiyar gaba ita ce ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Hamada tun Nuwamba har Maris. Yaron da ya share ta da busasshen tsumma, kamar ya goge motar da yashi ne. Sai a fara kwara ruwa, ƙura ta sauka, sannan a wanke da tsumma mai laushi, daga rufi zuwa ƙasa. A ajiye bokiti 2: ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma. Garin sabulun wanki bai dace ba, yana cinye kaki.

A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ƙarfen mota kuwa ya fi haka nesa. Wanki sai a inuwa, da safe ko da marece. Inuwar itace ma tana da tarkonta: kashin tsuntsaye da na jemagu yana cin sabon fenti, don haka a wanke shi nan take. In isansi ya zuba a jikin mota wajen shan mai, shi ma kada a bar shi ya bushe. Tamfol kuwa a dakata da shi a makwannin farko, domin iska na kaɗa shi, yana gurzar fentin.

Fenti ba ado kawai ba ne, shi ne rigar da ke tsare ƙarfe daga tsatsa. Direban da ya yi haƙurin wata 3, ko motarsa ce ko ta ma'aikata, ya tsare dukiya shekaru masu yawa.